Garin namijin dabino: yadda ake tara shi, a adana shi, a yi barbara da shi

Wanda ya shuka ƙwallon dabino zai yi ta ban ruwa shekara biyar, shida, wani lokaci har takwas, bai san abin da yake reno ba. Sai ranar da bishiyar ta yi hudar fari sannan zai gane mace ce ko namiji. Kusan rabin abin da ya tsiro daga ƙwallo maza ne, namijin dabino kuwa ko ya shekara ɗari ba zai ba ka ƙwaya ɗaya ta buɗa-baki ba. Shi ya sa a ƙauyukan da ke kewaye da Dutse da sauran wuraren noman dabino a Jigawa, da an gane namiji sai a ɗauko gatari. Ɗaya ko biyun da suka tsira a gefen gona ba zaɓarsu aka yi ba, gatarin ne bai kai kansu ba. Sauran aikin kuma a bar wa iska.

A ganina daga nan asarar manomin dabino take somawa, tun kafin a zo maganar taki ko ruwa ko kasuwa. Sare yawancin mazan ba laifi ba ne, don namiji ɗaya mai kyau yana isar mata kamar 50 idan da hannu ake barbara. Laifin yana wajen rashin zaɓe, da barin garin da ke cikin furen namijin ya zube ƙasa, alhali abu ne da ake tarawa, a busar, a ajiye a kwalba har wata hudar.

Furen dabino yana fitowa ne cikin wani kwanso mai tauri, tsakanin ganyayen da ke kusa da kan bishiya. Na namiji gajere ne mai faɗi. In ya tsage sai ka ga sillayen fure farare cunkus, ga ƙamshi mai ƙarfi, da ka taɓa gari ya tashi. Na mace ya fi tsawo da siranta, furanninta 'yan dunƙule-dunƙule ne, ba su da gari. Kowane furen mace yana da ɗaki uku. Idan gari ya sauka a kansa, ɗaki ɗaya ne zai ɗauka, sauran biyun su bushe su faɗi, ƙwayar dabino ɗaya mai ƙwallo ta fito. Idan bai samu gari ba, ko furen ya kakkaɓe, ko duka ukun su kumbura tare su zama 'yan ƙanana marasa ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata, ba su da zaƙi. Duk wanda ya ga nonon dabinonsa cike da 'yan uku-uku a manne, barbara ce ba ta kama ba. Kada ya zargi ƙasa, kada ya zargi bakin mutane.

Ba yau aka san wannan ba. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda aka rubuta kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun yi maganar mai lambun da aka damƙa wa gonar dabino ya yi mata barbara: kashi biyu cikin uku na amfanin na mai gona ne, kashi ɗaya nasa. Mu kuma muna da hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya iske mutanen Madina suna barbarar dabino, ya nuna musu yana zaton ko ba su yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabinon ya fito maras kyau, da aka gaya masa sai ya ce su suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Akwai kuma hukuncin ciniki da Buhari da Muslim suka ruwaito: wanda ya sayar da itacen dabino bayan an yi masa barbara, 'ya'yan na mai sayarwa ne, sai in mai saye ya sa sharaɗi. Wato barbara aiki ce da shari'a ta ƙidaya, har tana raba haƙƙi tsakanin mutum biyu.

Abin da ya sa ake buƙatar ajiya shi ne namiji da mace ba kullum suke shiryawa tare ba. Macen takan tsage kwansonta namijin gonar bai nuna ba, ko kuma ya riga ya gama zubar da nasa. Mace ɗaya ma ba rana ɗaya take fitar da kwansunanta ba, ɗaya bayan ɗaya take yi cikin makonni. Kwanakin da furenta ke karɓar gari kuwa ƙidayayyu ne. Kwana biyu zuwa huɗu na farko bayan tsagewa su ne mafi kyau, wani irin yakan jure mako guda, daga nan kamawar sai ta yi ta raguwa. Ga wani abu kuma da ya keɓanta da yankinmu: dabinon arewacin Najeriya da na kudu maso gabashin Nijar yakan yi huda sau biyu a shekara, saɓanin na Saudiyya ko Aljeriya mai yi sau ɗaya. Manomin da ba shi da gari a ajiye sai ya bi ƙauyuka yana cigiyar namijin da ya tsage, in ya samu ma ba ya tambayar ko wane iri ne, kwanakin macensa kuma suna tafiya.

Wanda ya saba da gero da masara zai ce, to ai bununi ba a ajiye shi. Gaskiya ne. Bununin masara yana fitowa da ruwa sosai a jikinsa, kuma ba ya jure bushewa. A rana mai zafi, cikin 'yan awoyi ya mutu. Yawancin dangin hatsi haka suke. Garin dabino yana cikin wani rukuni daban, wanda in ya bushe barci yake yi, ba mutuwa ba. Kowace ƙwayar gari, duk ƙanƙantarta, rayayya ce. Tana numfashi, tana cin ɗan guzurin da ke cikinta, kuma da wannan guzurin ne za ta fitar da siririn bututun da take zurawa cikin furen mace. Zafi da danshi su ke hanzarta cinye guzurin, danshin kuma ya ƙara da kawo fumfuna. Duk ilimin ajiyar gari a kan rage waɗannan biyu ya tsaya, kuma akwai tsari: bushewa ce farko, sanyi na biye. Wanda ya sanyaya ɗanyen gari ya lalata shi da hannunsa.

Ana yanke kwanson namiji da sassafe, lokacin da ya fara tsagewa ko yana gab da haka. Alamarsa, launin ya juya zuwa ruwan ƙasa, in ka matsa shi ka ji yana ƙaras-ƙaras. In ka yi gaggawa garin bai nuna ba, in ka makara iska da ƙudan zuma sun riga ka. Kafin a kai hannu a sassabe ƙayoyin ganyayen da ke kusa, don tsinin ƙayar dabino yakan karye cikin nama ya daɗe yana ciwo, ido kuwa ba a ma maganarsa.

Da an sauko da shi a buɗe, a raba sillayen, a baza su a kan takarda mai tsabta cikin ɗakin da iska ke ratsawa a hankali, inda rana ba ta faɗawa. Kada a tula su waje ɗaya, kuma a riƙa juyawa kullum. Wasu sukan rataye shi kai ƙasa su shimfiɗa takarda a ƙarƙashi, shi ma daidai ne. Abin da bai kamata ba shi ne cusa shi a leda, don zai yi gumi ya ruɓe, ko shanya shi a rana kan kwanon rufi, ko kusa da murhu don a yi sauri.

A nan hunturu ya yi mana gata. A watannin sanyi danshin iska a Kano da Jigawa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, irin bushewar da wasu ƙasashe sai da na'ura suke samar da ita. Cikin kwana uku zuwa mako guda furen ya bushe ƙayau. A dai rataya yadi a taga saboda ƙura. In ya bushe sai a kaɗa sillayen a kan takarda, a tankaɗe da rariya mai laushi, don ɓurɓushin fure yana riƙe danshi kuma yana ɓoye ƙwari. Mai tankaɗen ya rufe hanci da baki. Garin dabino yana tayar da atishawa, mai asma kuwa ya bar wa wani aikin.

Wurin ajiya kwalbar gilashi ce mai murfin da ke rufuwa kam, irin ta mayonis ko ta zuma, a wanke ta ta bushe sarai. Kada a zuba garin tsurarsa a ciki. A ƙunsa shi ƙunshi-ƙunshi a takarda, kowane ƙunshi daidai aikin yini ɗaya, a rubuta a jikinsa namijin da ya fito daga gare shi da ranar da aka yanka. Sannan a sa abin da zai shanye sauran danshin da ke cikin kwalbar. Mafi sauƙin samu shi ne ɗan ƙunshin nan mai 'yan tsakuwoyi da ake tararwa a kwalin sabon takalmi ko robar magani, wato silika. In ya daɗe a waje ya riga ya ƙoshi da danshi, sai an gasa shi sama-sama a kasko ya huce a rufe. Wanda bai samu ba ya soya ɗanyar shinkafa ba mai har ta fara canja launi, ta huce a rufe, ya ƙulle ta a ƙyalle ya jefa ciki. Ba ta kai silika ba, amma ta fi babu.

Busasshen gari a irin wannan kwalba, a ɗaki mai sanyi lokacin rani, yana kai wata biyu zuwa uku da ƙarfinsa, kuma wannan ya isa a rufe huda guda daga farkonta zuwa ƙarshe. A firji mai sanyin digiri 4 zuwa 5 yana kai shekara. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifiri yana wuce haka. Cibiyoyin bincike sukan ajiye shi cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri, inda kusan komai na rayuwar ƙwayar yake tsayawa cak.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsallake bazara da damina. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Bayansa ga watan Agusta, lokacin da hatta gishiri a kicin yake jiƙewa. Garin da aka naɗe a takarda aka jefa ƙasan akwati ba zai tsallake waɗannan biyun ba, ko da ido ya gan shi fari tas.

Nan ne nake saɓa wa masu cewa kawai a sa a firji. Wane firjin? Wanda wuta ke zuwa masa awa uku ta ɗauke kwana biyu? Duk lokacin da firji ya yi sanyi ya koma ɗumi, raɓa na taruwa a cikinsa, in murfin kwalbar yana da 'yar kafa to ta nan za ta shiga. Sanyin da ke zuwa yana komawa ya fi wahalar da gari a kan matsakaicin sanyi mai ɗorewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ba shi da firjin sola, ko amintaccen mai shagon da ke da shi, gara ya nemi lungu mafi sanyi a ɗakin ƙasa mai rufin azara, ya sa kwalbar cikin tukunya ya rufe. Kuma don Allah kada wani ya je yana roƙon ma'aikacin asibitin ƙauye ya sa masa a firjin rigakafi, wannan ba wurin ajiyar kowa ba ne.

Akwai dabarar da ta yi suna a jiharmu ta Jigawa, wato tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Ruwan yana tashi yana tafiya da zafi. Tana aiki sosai a bazara, lokacin da iska ta bushe, kuma lokacin ne aka fi buƙatarta. Sai dai an yi ta ne don tumatir da yalo da alayyafo, masu son danshi, cikinta kuwa danshi ne zalla. Kwalbar gari za ta iya zama a ciki in murfinta ya tabbata, a ƙara naɗe bakin da leda a ɗaure da roba. In akwai shakka a kan murfin a haƙura. Da damina ta kankama kuma amfaninta ya ragu, don ruwa ba ya tashi a iska mai laima.

Ranar da za a yi aiki, kada a buɗe kwalba tana fitowa daga sanyi. A ajiye ta kamar awa ɗaya har jikinta ya daina gumi, a ɗauki ƙunshi ɗaya, a rufe nan take a mayar. Ƙunshin da aka ɗauka a buɗe shi a inuwa ya sha iska na ɗan lokaci kafin a hau. Abin da ya rage bayan aiki kada ya koma cikin 'yan'uwansa. Dalilin ƙunsawa kaɗan-kaɗan ke nan.

Ido ba ya bambance rayayyen gari da matacce. Wanda ya dunƙule, ko ya yi toka-toka, ko yana warin fumfuna, wannan a zubar. Amma wanda ya yi kyau a ido ma yana iya zama matacce. A ɗakin gwaje-gwaje ana barbaɗa shi a ruwan sukari da ɗan sinadarin boron, bayan 'yan awoyi a duba da madubin ƙara girma a ƙirga waɗanda suka fitar da bututu. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, mai hedikwata kusa da birnin Benin, tana da reshen binciken dabino a Dutse, kuma can ne ya dace ƙungiyar manoma ta kai irin wannan tambaya. A gida dabarar ita ce a yawaita tsohon gari fiye da yadda ake sa sabo, a yi wa nonon da aka sa wa alama, bayan mako uku zuwa huɗu a duba yadda ya kama. Garin da ake tallarsa a matsayin maganin ƙarfin maza ko na haihuwa, wannan wata kasuwa ce daban. Babu wanda ya ajiye shi don ya rayu, kuma ba ka san da me aka gauraya shi ba. Kada ka hau bishiya da shi.

Hanyar barbara mafi tsufa ita ce ta sillaye: a ɗauki biyu ko uku na namiji, a kaɗa su a kan furen mace, a cusa su tsakiya kai ƙasa, a ɗaure nonon sakwa-sakwa da ganyen dabino yadda zai iya buɗewa in ya girma. Mai tankaɗaɗɗen gari kuma yana dunƙula auduga kamar girman goro, ya turmusa ta cikin garin, ya sa ɗaya ko biyu tsakanin sillayen. In bishiyoyin suna da yawa ana gauraya garin da fulawa, kashi ɗaya na gari da kashi huɗu zuwa tara na fulawa, a busa da robar da aka huda wa murfi. A ranar aikin ake gaurayawa, don fulawa tana jan danshi. Lokaci mafi kyau daga hantsi zuwa azahar. Sanyin asubar hunturu yana hana garin tsira a kan fure, iska mai ƙarfi tana kwashe shi, ruwan sama kuma in ya sauka cikin 'yan awoyi bayan barbara sai an sake. Mai hali ya maimaita bayan kwana biyu ko uku. Tunda an riga an hau, a datse kan sillayen macen kaɗan, 'ya'yan da suka rage za su fi girma.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a rubuta sunan namiji a jikin ƙunshi. A yawancin itatuwa uba yana shafar ƙwallo ne kawai, naman 'ya'yan na uwa ne. Dabino ya fita daban. A shekarun 1920, a Kalifoniya ta Amurka, wani mai bincike, Roy Nixon, ya riƙa sa garin maza daban-daban a kan mace ɗaya, sai ya ga girman 'ya'yan da lokacin nunarsu suna sauyawa gwargwadon namijin. Wani namijin yana ba da ƙanana masu saurin nuna, wani manya masu jinkiri. Masanin tsirrai Walter Swingle ya yi bayanin wannan a 1928. A wajenmu wannan ba ƙaramin zance ba ne. Babban abokin gabar dabinon da ke nuna gab da damina shi ne ruwa, yana fasa shi ya tsamar da shi a kan bishiya. Namijin da zai matso da nunar ko da da mako ɗaya ko biyu ne yana iya tserar da amfanin gona. Ba za ka taɓa gane wannan namijin ba in kowace shekara garin da ya faɗo hannunka kake sawa. Gwajin ba shi da wuya: mace ɗaya, nono biyu masu tsagewa kusan tare, kowanne da namijinsa, a ɗaura ƙyalle mai launi daban, a rubuta ranar nuna. A maimaita shekara biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

Duk wannan barbara ce don 'ya'ya. Barbara don samar da sabon iri wani aiki ne daban, kuma mutane suna cakuɗa su. In ka sa garin wani namiji a kan macen da ka fi so, dabinon da za ka ci irin macen ne. Haɗin yana cikin ƙwallo, sai an shuka shi zai bayyana. Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a ƙwallon dabino maganar ba ta tsaya ba. Ka ci Ajwa a Madina ka dawo da ƙwallayen a aljihu, abin da zai tsiro ba Ajwa ba ne. Rabi maza, matan kuma kowace da halinta, yawancinsu ƙasa da uwar. Iri yana tafiya ne ta 'ya'yan da ke tsirowa a gindin bishiya. Irin dabinon nan Majhul da ake nomawa a Amurka ya samo asali ne daga irin waɗannan 'ya'ya guda 11 da Swingle ya ɗauko daga Budenib ta Maroko a 1927, lokacin da cutar bayud ke cinye dabinon ƙasar, 9 suka rayu.

Wahalar haɗa iri a dabino ita ce namiji ba ya nuna abin da yake ɗauke da shi, tunda ba ya 'ya'ya. Masu bincike a Indiyo ta Kalifoniya sun fara wani shiri a 1948 na mayar da garin ɗa a kan irin uwarsa, zuriya bayan zuriya, don su samu mazan da suka kusanci fitattun mata, kowace zuriya kuma tana cin shekaru. Manomin ƙauye ba zai iya wannan ba, amma yana iya abu ɗaya mai amfani: ya san uwar namijinsa. Namijin da ya tsiro daga ƙwallon dabino mai kyau ya fi cancantar gwaji a kan wanda ya tsiro a bola ba a san asalinsa ba.

A wannan fanni babu waɗanda suka kai masu renon okid, wani furen ado, tsari, kuma akwai abin ɗauka a wajensu ko da ba mu noma shi. Garin okid ba ya tashi a iska, a dunƙule yake, ƙulli biyu, huɗu ko takwas a fure ɗaya, ana ɗauke shi da tsinken sakace. Da yake irin da mutum ke son haɗawa sau da yawa ba sa fure a wata ɗaya, sai su naɗe ƙullin a takarda, su rubuta suna da rana, su sa a kwalba a firji na watanni. Haɗin okid na farko da ɗan'adam ya yi da hannu ya yi fure a 1856 a Ingila, aikin John Dominy a lambun Veitch. Yau rajistar da ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila take riƙewa tana da haɗe-haɗe sama da 100,000, kowanne da sunan uwa da na uba, uwa ake fara rubutawa. Nasu ya fi namu wuya ta wani gefen, don ƙwayar irin okid kamar ƙura take, ba ta da abincin kanta, sai da Lewis Knudson ya nuna a 1922 cewa ana iya tsirar da ita a kwalba kan abinci mai sukari sannan sana'ar ta bunƙasa. Ƙwallon dabino kuwa ko yaro ya tofar a bakin rijiya yana tsira. Abin da suka fi mu shi ne littafi da alƙalami.

Don haka wanda zai haɗa iri da gangan ya rufe kwanson macen da jakar takarda mai kauri tun bai tsage ba, ya ɗaure bakin. Ba leda ba, leda za ta dafa furen. In ya tsage a ciki sai a buɗe, a sa garin namijin da aka zaɓa shi kaɗai, a mayar da jakar har mako biyu. Ranar da aka taɓa garin wani namiji kada a yi wannan aikin sai an wanke hannu an sauya riga, don garin yana maƙalewa a tufafi da gashi. Gaurayen tsohon gari da sabo, wanda ya halatta ga mai neman 'ya'ya, a nan haramun ne. A rataya alama a nonon, a rubuta uwa, uba da rana a littafi, ƙwallayen kuma a shuka su a jere guda da alamarsu.

Sai kuma haƙuri da fili. A gonar dabino ana barin mita 8 zuwa 10 tsakanin bishiyoyi, amma layin gwaji ana iya matse shi, tunda yawancinsu za a cire su bayan sun nuna halinsu. Cikin mata ashirin ko talatin wataƙila ɗaya ce za ta fi uwarta, ko ta yi daidai da ita amma ta riga ta nuna. In an same ta, ta 'ya'yan gindinta za a yaɗa ta, ana cire su in sun kai shekara uku zuwa biyar a jikin uwa kuma sun yi saiwarsu. Haka ma namijin da gwaji ya nuna yana da yawan gari, yana huda a kan lokaci, yana matso da nuna: shi ma ta 'ya'yan gindinsa kaɗai ake samun irinsa. Dabino yana fitar da waɗannan 'ya'ya ne a shekarunsa na ƙuruciya, in ya miƙe ya yi tsawo sai ya daina, saboda haka gwajin namiji yana farawa ne daga hudarsa ta fari ko ta biyu, kuma kada a sassare masa 'ya'ya kafin sakamakon ya fito.